Lailar da sufaye ke bege a waƙoƙinsu: mace ce ko kuwa ishara?

Ɗalibin_Adabi:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana yi mini kai-komo a zuciya, ina roƙon masu ilimi a wannan zaure su taimaka mini. Duk wanda ya duba waƙoƙin manyan sufaye zai tarar da su cike da sunayen mata irin su Laila da Salma da Su'ada, da zancen rabuwa da hawaye da rashin barci, har ma da giya da maye. Idan aka tambayi masu sharhi sai su ce ai ba mace ake nufi ba, Laila ishara ce ga abin ƙauna na haƙiƙa, giya kuwa ita ce son Ubangiji. Tambayata ita ce, shin harshen soyayyar mutane aronsa kawai mawaƙan nan suka yi saboda ba su da wasu kalmomin, ko kuwa suna ganin shi kansa son da mutum ke yi wa mutum yana da alaƙa ta gaskiya da son Allah, har yana iya kai mai shi ga Allah? In aro ne kawai, me ya sa suka zaɓi harshen da ke jawo musu zargi? In kuma alaƙar gaskiya ce, ina iyakarta?

Malam_Na_Zazzau:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne wannan harshe ya girmi sufanci. Al'adar Larabawa ce tun zamanin jahiliyya mawaƙi ya buɗe ƙasidarsa da tuna masoyiya da kufan gidansu kafin ya shiga abin da ya kawo shi. Ka'abu ɗan Zuhairu ya tsaya a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buɗe ƙasidarsa da cewa Su'ada ta yi nisa zuciyarsa ta raunana, ya siffanta ta, sannan ya gangaro kan neman afuwa da yabo, kuma ba a tsawatar masa ba. Busiri ma a Burda haka ya yi, ya fara da tuna maƙwabtan Zi Salam da hawayen da suka gauraya da jini, ya roƙi mai zarginsa a kan so ya yi masa uzuri, alhali kowa ya san Annabi ya nufa. Saboda haka ni a wurina sufaye sun tarar da hanya a share ne suka bi. Laila a bakinsu suna ne na al'ada, ba sai an je neman wata mace a bayan sunan ba.

Ummu_Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, bayanin nan ya dace da Burda, amma ban ga ya game kowa ba. Ibnu Arabi ya isa Makka a shekarar 1202, a can ya san Nizam, 'yar wani malamin hadisi mutumin Isfahan, kuma shi da kansa ya ambace ta a gabatarwar Tarjumanul Ashwaƙ, ya yabi kyanta da iliminta da ibadarta, ya ce duk sunan da ya kira a cikin diwanin ita yake nufi. Wannan mace ce mai rai, mai uba da dangi, ba sunan al'ada ba. Da wasu malamai a Halab suka ce shehin ya ɓoye waƙar soyayya ce a cikin rigar sufanci, sai ya zauna ya yi wa waƙoƙin sharhi baiti bayan baiti yana fito da ma'anoninsu na ruhi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a sharhin nan bai ce babu Nizam ba. Ya riƙe biyun tare: akwai yarinyar, kuma abin da ya gani a cikinta alama ce daga alamomin kyawun Mahalicci. A babin ƙarshe na Fususul Hikam ma ya gina maganarsa ne a kan hadisin nan da Annabi ya ce an sanya masa son mata da turare daga duniya, an kuma sanya sanyin idonsa a cikin salla. Wanda ya rubuta haka ba aron kalmomi yake yi ba, aƙida ce yake bayyanawa game da so.

Abu_Ammar:
To ai nan ne matsalar take, 'yar'uwa. Idan muka yarda cewa kallon kyawun mace hanya ce ta sanin Allah, wace ƙofa ce ta rage a rufe? Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 165, akwai mutanen da ke riƙon wasu kishiyoyi koma bayan Allah suna son su kamar son Allah, muminai kuwa su ne mafi tsananin so ga Allah. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani a Adda'u wad Dawa'u cewa kamuwa da son kyan surar mutum cuta ce da ke samun zuciyar da ta wofinta daga son Allah, ya kafa hujja da Annabi Yusuf da aka kawar masa da alfasha saboda yana cikin bayin da aka tsarkake. Kafin shi Ibnul Jauzi ya rubuta littafi sukutum a kan zargin son zuciya. Ba wanda ya ce kada a so Allah, Alƙur'ani da kansa ya ce yana son su suna son sa. Amma a Ali Imrana, aya ta 31, an gaya mana ma'aunin wannan so, wato bin Annabi. Ban ga inda aka ce ma'auninsa shi ne siffanta gashi da idanu da kofin giya ba.

Mai_Nazari:
Malam Abu Ammar, ina ganin manyan mawaƙan sufaye ba su gafala daga haɗarin da ka ambata ba. Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, labarin farko da ya kawo a Masnawi a kan wannan mas'alar yake. Sarki ya sayi wata kuyanga da ya kamu da sonta, sai ta kwanta ciwo, likitocin fada suka gaza. Wani likita bawan Allah ya zo ya riƙe jijiyar hannunta yana ambaton garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da ya ambaci Samarƙandu sai jijiyar ta harba, ya gano wani maƙerin zinariya take so a can. Aka kawo maƙerin aka haɗa su ta warke. Daga baya likitan ya riƙa ba shi wani magani har kyansa ya dushe, sai sonsa ya fita daga zuciyarta. Daga nan Rumi ya yanke hukunci cewa son da aka gina a kan launin fata ba so ba ne, ƙarshensa kunya ce, ya ce a zaɓi son Rayayye wanda ba ya gushewa. Wannan bai yi nisa da maganar Ibnul Ƙayyim ba. Sai dai a cikin labarin nan dai ya ce so, ko daga wannan ɓangaren ya taso ko daga wancan, daga ƙarshe can yake jan mu. Ma'ana bai ɗauki son mutum a matsayin ƙarya ba, ya ɗauke shi gaskiya ce da ba ta isa ta zama masauki ba.

Imamu Gazali ya fi kowa tsara maganar a Ihya'u. Ya ce mutum yana son kansa da wanzuwarsa, yana son wanda ya kyautata masa, yana son mai kyautatawa ko da alherinsa bai iso gare shi ba, yana son kyakkyawan abu don kyansa, yana kuma son wanda akwai dacewa ta ɓoye tsakanin ruhinsu. Sai ya nuna duk waɗannan dalilai ba su cika a kan kowa ba sai a kan Allah. Idan haka ne, zuciyar da ke son uwa da mata da aboki ita ce dai zuciyar da ke son Allah, ba wata ta biyu ake sakawa a ƙirji ba.

Baffan_Kurmi:
Ni ba ma'abocin manyan littattafai ba ne, 'ya'yana, amma bari in faɗi abin da na gani. Tun ina yaro nake jin Ishiriniya da Burda a gidanmu, na haddace baitoci da yawa, ina rera su a maulidi, amma zancen mai so ba ya barci da zancen hawaye na ɗauke su adon waƙa ne. Da Allah ya yi wa mai ɗakina rasuwa bayan doguwar zama, sai na tarar ina farkawa tsakar dare ina sauraron ko zan ji ƙarar butarta a tsakar gida, domin ita ce ke riga ni tashi. Carbinta yana nan rataye a ƙusar da ta saba rataye shi, na kasa ba da shi ga kowa. A cikin waɗannan dararen ne na koma kan baitocin da na sani tun ƙuruciya, na ji su sun zama wani abu dabam, na gane abin da ake nufi da a ce mutum yana begen wanda ba ya gani. Ban ce son matata ya zama son Allah ba, Allah ya tsare ni. Amma rashinta ne ya koya mini yadda ake kewa, kuma da wannan kewar nake tsayawa sallar dare yanzu.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya jiƙan Inna, Baffa, ya sa Aljanna ce makomarta. Abin da ka faɗa shi ne abin da Abdurrahman Jami, mawaƙin Hirat da ya rasu a 1492, ya kawo a farkon waƙarsa ta Yusuf da Zulaiha. Wani muridi ya je wurin shehi yana neman a sa shi a hanya, shehin ya ce masa in ƙafarka ba ta taɓa taka hanyar so ba, tafi ka so wani tukuna sannan ka dawo. Wannan ya dace da maganar nan da ta yaɗu cewa son majazi, wato son da mutum ke yi wa mutum, gada ce zuwa son haƙiƙa. Amma Jami bai tsaya nan ba, ya gargaɗi mai tafiya kada ya daɗe a kan gadar, ya yi sauri ya ƙetare.

Binta_Sakkwato:
Ina so a saka Rabi'atul Adawiyya a cikin lissafin nan, domin ita ba ta bi ta wannan gadar ba. A baitocin da ake jingina mata ta ce tana son Allah so biyu, son shauƙi da kuma so domin ya cancanci a so shi, kuma ba ta ambaci wani Majnunu ko wata Laila ba, kai tsaye ta yi magana da Ubangijinta. Ta ƙi aure har ta rasu a Basra, an ce manyan mutane sun neme ta, har da Hasanul Basri, ta ce babu gurbi a zuciyarta. Nana Asma'u 'yar Shehu ta ambace ta a Tawassuli ga Mata Masu Albarka, amma ita Nana ta yi aure da Waziri Giɗaɗo, ta haifi 'ya'ya, ta yi masa marsiyya mai taɓa zuciya da ya rasu. Ke nan a cikin mata salihai ma akwai wadda son Allah ya hana ta son kowa, akwai kuma wadda ta haɗa biyun ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba.

Malam_Na_Zazzau:
Malama Binta, maganarki a kan Nana Asma'u ta yi kyau ƙwarai. Gyara ɗaya kawai: labarin Hasanul Basri da neman auren Rabi'a bai tsaya da ƙafarsa ba ta fuskar tarihi. Hasan ya rasu a shekarar 728, Rabi'a kuwa a mashhurin zance ta rasu a wajen 801, ke nan tana ƙaramar yarinya ya bar duniya. Masu rubuta labaran waliyyai na baya, irin su Fariduddin Attar, su suka haɗa su a hikayoyi domin koyarwa.

Zakirin_Diwani:
Malamai, kun yi nisa zuwa Farisa da Sham kun bar abin da ke gabanmu. A ƙasar Hausa begenmu bai bi ta kan Laila sosai ba, ya bi ta kan Annabi ne, kuma ina ganin nan ne amsar tambayar ɗan'uwanmu take. Annabi mutum ne, yana da fuska da murya da gari da ake iya zuwa, saboda haka duk harshen kewa da bege ya dace da shi ba tare da tawili ba, kuma son sa ibada ne da nassi. Shehu Usmanu yana ɗan shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Daliyya yana tambaya ko zai sami hanyar tafiya Ɗaiba, wato Madina, da gaggawa ya ziyarci kabarin Bahashime, wato Annabi, kuma har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. Aliyu Namangi, makahon Zariya, haka ya cika Imfiraji da begen Annabi da son ganin Madina. Shehu Ibrahim Inyass ya buɗe diwaninsa da cewa zuciyarsa ta ƙi komai sai dai ta zama kamammiyar son Annabi. Wanda ya taɓa zama a zawiya daren maulidi ya ga yadda dattijo mai furfura ke rufe fuska da gefen rawaninsa idan zakiri ya kai kan baitin Madina, kafaɗunsa suna rawa, ya san ba adon magana ake yi ba.

Abu_Ammar:
Son Annabi wajibi ne, babu imani sai da shi, a kan wannan ba mu da saɓani. Amma tunda ka kawo mu gida, sai mu faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a gida. Yau wasu sha'irai suna ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na fina-finai da kiɗan fiyano su ɗora wa yabon Annabi, matasa maza da mata suna rawa, har wani lokaci a furta kalmomin da malaman ɗariƙun kansu suke fitowa su barranta daga gare su. Wannan shi ne abin da nake tsoro tun farko. Harshen da mawaƙin sufaye Ibnul Farid ya yi amfani da shi a gaban almajiran da suka san isharorinsa, idan ya faɗo kasuwa ba ya zama yadda yake.

Hajiyar_Kumasi:
Wannan gaskiya ne, kuma ba a wurinmu kaɗai ba. 'Ya'yana suna turo mini maganganun Rumi da suke samu a Facebook da Turanci, an cire ambaton Allah da Annabi da Alƙur'ani, an bar zallar soyayya, har ana rubuta su a katin biki. Da na gaya wa babbar 'yata cewa mutumin nan malamin fiƙihu ne mai wa'azi, kuma Masnawi cike take da ayoyi da hadisai, mamaki ta yi.

Malam_Na_Zazzau:
Abin da Hajiya da Abu Ammar suka kawo, Gazali ya riga ya yi magana a kansa a babin sauraron waƙa. Ya ce hukuncin yana bin halin mai sauraro. Saurayin da sha'awa ta rinjaye shi, wanda in ya ji an siffanta kumatu da gashi zai ɗora su a kan wata mace da ba ta halatta gare shi ba, sauraro haramun ne a kansa. Wanda ya ɗora su a kan matarsa babu laifi. Wanda kuma son Allah ya mamaye shi, kalmar saduwa da rabuwa wata ma'ana suke ba shi. Hamriyya, wato ƙasidar giya ta Ibnul Farid, mawaƙin Alƙahira da ya rasu a 1235, ita kanta ta sanya wa mai karatu alama tun baitin farko, domin ya ce sun sha giya a kan ambaton masoyi, sun bugu da ita tun kafin a halicci itacen inabi. Giyar da ta riga inabi ba ta tulu ba ce. Masu sharhi suna mayar da ita ga ranar alƙawari da ke cikin Suratul A'araf, ranar da aka tambayi rayuka ashe ba ni ne Ubangijinku ba.

Ɗalibin_Adabi:
Na gode malamaina, na ƙaru sosai. Sai dai har yanzu tsakiyar tambayata tana nan. Baffa ya ce rashin matarsa ne ya koya masa kewa, Jami ya ce a ƙetare gadar da sauri. To wanda ya ƙetare, ya zai yi da wadda ya so? Shin ta zama tsani ne da aka taka aka wuce, ko tana nan a zuciyarsa? In matar mutum ta ji cewa ita gada ce kawai, ban ga za ta ji daɗi ba, kuma ban ga hakan ya yi kama da yadda Annabi ya zauna da iyalinsa ba.

Ummu_Hanifa:
Ƙanena, wannan ita ce damuwata da misalin gada tun asali. Amru ɗan Asi ya tambayi Annabi wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, bai ji nauyin faɗa a gaban maza ba. Bayan rasuwar Nana Khadija da shekaru yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta, ya ji muryar 'yar'uwarta Halatu tana neman izini sai ya tuna da ita. Wanda ya fi kowa son Allah bai wuce Khadija ya bar ta a baya ba. Har Mugisu da ke bin Barira, matarsa da ta zaɓi rabuwa da shi, a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi bai ce masa zuciyarka ta wofinta ba, ya je ya yi masa ceto a wurinta, ita kuma ta ce ba ta da bukatarsa, aka bar ta da zaɓinta. Ni abin da na fahimta shi ne son halal ba a ƙetare shi, ana shigar da shi ne cikin babban so, kamar yadda hadisi ya ce daga cikin abin da ke sa a ɗanɗani zaƙin imani akwai mutum ya so wani ba don komai ba sai don Allah.

Abu_Ammar:
Da wannan na yarda ɗari bisa ɗari, domin duk misalanki na aure ne ko na neman aure. Amma Nizam ba matar Ibnu Arabi ba ce, Laila ba matar Ƙaisu, wato Majnunu, ba ce, kuma shehin da ke cikin labarin Jami bai ce wa muridin tafi ka yi aure ba, ya ce tafi ka so. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, kuma ba a amsa mini shi ba tukuna.

Mai_Nazari:
Tambayarka tana kan hanya, kuma ba na jin za a amsa ta da baitin waƙa. Abin da zan ce shi ne Ibnul Ƙayyim ɗin da ka kafa hujja da shi, a Raudatul Muhibbina ya ware babi a kan masu so da suka kame kansu, ya kawo labaransu da girmamawa, bai jefa su cikin masu alfasha ba. A Madarijus Salikina kuma, wanda sharhi ne a kan littafin wani sufi, Harawi, ya yi wa matsayin ƙauna bayanin da in aka karanta wa mutum ba tare da an faɗi sunan marubucin ba zai iya cewa wani shehin zawiya ne. Zan ciro wannan babin da na Gazali a Ihya'u in ajiye su nan gefe da gefe, mu duba inda suka haɗu da inda suka rabu a kan son da bai kai ga aure ba. Malam na Zazzau, in akwai sharhin Tarjuman a wurinka, a taimaka mana da abin da Ibnu Arabi ya faɗa a gabatarwarsa game da dalilin da ya sa ya zaɓi harshen gazal, wato waƙar soyayya, domin a can ya yi wa masu zarginsa bayani da bakinsa.